Malamar da ke roƙon a ɓata mata inji

A gidansu Kunne ake kiranta tun tana ƙarama, don ita ke fara jin fanka ta sauya murya kafin ta mutu. Yanzu malama ce a jami'a, har ana ce mata Dakta, amma in maƙwabta suka tambayi mahaifiyarta aikin ɗiyar, sai ta ce, "Wai inji take ɓatawa, kuma su biya ta."

Tsohuwar ba ta yi ƙarya ba. A ɗakin gwajin Dakta akwai tankunan ruwa uku, da famfo, da bututai, da ƙananan na'urori masu auna tsayin ruwa. Shekara da shekaru tana koya wa kwamfuta abu guda: ta gane in wani abu ya lalace, ko in wani mugu daga nesa ya sa na'ura ta ce tanki cike yake alhali ya kusa ƙafewa.

Dokarta, ba ta ɓata injin da hannunta, don kada ta yi wa kanta satar amsa. Sai ta miƙa sufana ga abokin aikinta, wani dogon malami da ɗalibai ke kira Maɓarnaci, ta fita shan shayi. Ya kwance abin da ya ga dama, ta dawo ta jira kwamfuta ta tona masa asiri.

Ranar da manajan gidan ruwa ya zo gani, tun daga ƙofa ya faɗa mata gaskiya. "Dakta, mun taɓa sayen irin wannan. Kuka yake ba dalili, har ma'aikata suka cire masa waya. In naki ya yi ƙara a banza, ba zan kai shi wurinmu ba."

Ba su gama zama ba ƙararrawa ta ɗauka. Maɓarnaci ya kalli sufanar da ke hannunsa. "Wallahi ban taɓa komai ba tukuna."

Manaja ya fara laluben jakarsa zai tafi. Maɓarnaci ya raɗa mata, "Kashe ki kunna, mu ce gwaji ne."

Allon kwamfutar yana cewa ruwa na ɓacewa kaɗan-kaɗan tsakanin tanki na biyu da na uku. Ƙasa kuwa a bushe take ƙayau. Ita dai ta san in ta kashe ƙararrawar, ba ta da bambanci da masu cire waya. Ta tuɓe takalmi, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta rarrafa ƙarƙashin tebur a gaban baƙo, tana shafa bututu gaɓa-gaɓa.

Can sai muryarta ta fito. "Malam, rigar aikinka da ka ce an sace, fara ce?"

Ta jawo ta sharkaf. Maɓarnaci ne ya cusa ta bayan bututu ya manta, ita kuma ta yi ta shanye ɗigon wata gaɓa da ta tsage, ba wanda ya sani.

Manaja ya durƙusa da kansa, ya tara yatsa har ɗigo ya sauka a kai. Ya miƙe yana goge hannu. "Ƙarƙashin tankunanmu akwai taɓo, Dakta. In za ki zo, ki zo da takalmin roba."

Da ta ba mahaifiyarta labari, tsohuwar ta ce, "To madalla, Kunne. Sai ki duba mana fankar falo, tun jiya take min gunaguni."