Garwa Ukun da Ban Binne Ba

'Yan shekaru bayan samun mulkin kai, jami'a tana da wani ƙaramin ɗakin gwaje-gwaje a bakin gonakin auduga tsakanin Funtua da Bakori, kuma a nan nake aiki. Ɗaki biyu ne da sito, sai rumfar kwano a baya. Aikinmu duk a kan tsutsar auduga yake: mu kamo ta, mu tara ta a kwalabe, mu fesa mata magani iri-iri mu ga wanne ya fi kashe ta. A takarda sunana mataimakin ɗakin gwaji, amma maganar gaskiya wankin kwalabe ya fi yawa a cikin aikin. Duk da haka ina da farar riga har gwiwa da alƙalami biyu a aljihu, kuma in na shiga majami'a ranar Lahadi tsofaffi kan ce ga Malam ya iso. Ina jin daɗin wannan Malam ɗin ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Shugabanmu wani Bature ne dogo mai saurin fushi, wanda ya san halin ƙwaro fiye da halin mutum. Bayan an gama cirar gyaɗa a wata shekara, sai aka aiko masa cewa a rufe wurin, a kwashe komai a mayar babban gidan jami'ar. Mako biyu muna naɗe kwalabe da tsoffin jaridu muna jerawa a akwatuna. Magungunan da ba a buɗe ba, da waɗanda aka ɗiba aka bar saura, shi da kansa ya ɗaure bakinsu, ya sa aka loda a babbar mota, ya ce ƙafarsa ƙafar motar. Abin da ya rage shi ne garewanin da maganin ya ƙare a cikinsu, tuli guda a ƙarƙashin rumfa.

Ranar da zai tafi ya ja ni bayan sito, ya nuna mini su da sandarsa. Da gurguwar Hausarsa ya ce, "Wannan ba ya wankuwa. Ka wanke da sabulu sau goma, yana nan a cikin haɗin garwa. Ruwa ba ya fito da shi. Mai yana fito da shi. Ka ji? Mai." Ya ce a haƙa rami wanda ya fi tsawon mutum, a kan tudu, nesa da rijiya da rafi. A huda kowace garwa da diga, a tattake ta, a zuba farar ƙasa, a binne, a jera duwatsu a kai. Wanda duk zai taɓa ya sa safar hannu ta roba, in ya gama ya yi wanka kafin ya ci abinci. Ya ba ni wata takarda da zan sa wa hannu in aika idan an gama. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, har ina jin haushin yadda yake maimaita mini magana kamar ban yi makaranta ba.

Yaran yanzu ba za su gane darajar garwa a lokacin nan ba. Da ita ake ɗebo ruwa, a cikinta ake ajiye mai, in ta tsufa a fasa ta a lulluɓe ƙyauren ɗaki. Don haka da leburori suka ji za a huda sababbin garewani masu ƙyalli a binne, sai suka fara gunaguni. Wani dattijo a cikinsu, wanda a shekaru ya haife ni sarai, ya matso ya ce in taimaka masa da guda ɗaya, matarsa da ƙwarya take zuwa rijiya. Na tsaya a gaban kowa na yi masa dogon wa'azi. Na nuna masa hoton ƙoƙon kan mutum da ke manne a jikin garwar, na tambaye shi ko ya gaji da matar ne. Aka yi dariya. Ya sunkuyar da kai ya koma ya ɗauki digarsa.

A lokacin shekarata ɗaya da aure. Matata tana da ciki wata bakwai, kuma da yake na fari ne ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, a wani ƙauye gaba da Tsiga, za ta zauna can har ta haihu. Surukata, wato uwarta, sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Surukina kuwa manomi ne, yana cikin dattawan majami'ar ƙauyensu, mutum mai ƙarancin magana. Ya ba ni 'yarsa ba ni da komai sai keke, kuma tun daga nan ko allura bai taɓa roƙona ba.

Da la'asar ɗin ranar da muke binne garewanin, sai ga shi da jakinsa, ya taso daga kasuwar Bakori. Ya ji labarin za a rufe wurin aikina, ya biyo ya ji yadda ake ciki. Na cire takalmi, na durƙusa da farar rigata a cikin ƙasa, muka gaisa, shi yana duban gabas ina duban ƙafafuna. Haka muke, haka muka taras. Suruki ba a haɗa ido da shi, ba a cin abinci a gabansa, ba a ja masa magana. Kiristancinmu bai canza wannan ba, makarantar mishan ma ba ta canza shi ba.

Ya daɗe yana kallon leburori suna huda garewani. Can sai ya ce, yana shafa wuyan jakin kamar da shi yake magana, "Ashe haka ake yi ma garwa a nan. Can gida kuwa an gama matsar mai, tukwane duk sun cika, ana ta neman abin zubawa."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce in ba shi ba. Amma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san in suruki ya yi magana irin wannan ya gama roƙo. Maganar Baturen tana cikin kunnena, kalmar mai ɗin nan da ya maimaita. Abin da ya kamata in ce gajere ne: Baba, guba ce, tana kisa. Na shirya shi a bakina, sai na ga kamar in na faɗa na hana shi, kuma na koya masa hankali a gaban leburori yadda na yi wa dattijon nan da safe.

Na tashi na zaɓi uku mafi kyau cikin waɗanda ba a kai ga hudawa ba. Na ɗauraye su da ruwa da sabulu, ni da aka gaya wa sabulu ba ya komai. Sannan na yi abin da har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige: na sa wuƙa na kankare takardun da ke jikinsu, har da hoton ƙoƙon kan, don kada wani ya gane kayan ma'aikata ne a hanya. Na ɗaura masa a kan jaki. Duk gargaɗin da na iya yi shi ne na ce wa ƙasa, "Baba, a wanke su da kyau."

"Za a wanke da toka, Malam," in ji shi. "Ubangiji shi yi maka albarka."

Dattijon leburan nan yana tsaye a bakin rami, ya ga komai. Ya tofa miyau a tafin hannunsa ya ci gaba da sara. Da yamma na sa hannu a takardar cewa an huda duka an binne.

Kwana biyar na yi ina ruɗin kaina. Na ce toka ta fi sabulu ƙarfi. Na ce ai Bature ya cika tsoro, komai a wurinsa mutuwa ne. Na ce wataƙila ruwa za su zuba a ciki. Kullum da safe sai in fito da keke, in duba iskar taya, in mayar da shi. Me zan je in ce? Miji ba ya zarya gidan surukai matarsa na goyon ciki, sai a yi ta yi masa dariya a ce ya kasa haƙuri. Kuma in na je, sai in ce a dawo mini da kyautar da na yi, wa ya taɓa jin haka? Duk wannan ina sane da cewa tun da matata ta sami cikin nan ba abin da take so kamar ɗanwake, a malala masa mai da yaji. Tsoron dariyar mutane ya fi mini ƙarfi a kan tsoron abin da na sani.

A rana ta shida na hau keken. Tun daga nesa na hango mata tsaitsaye a ƙofar gidan, suna magana ƙasa-ƙasa. Da suka gan ni suka dare suka ba ni hanya, ba wadda ta tsokane ni, su da ba sa raga mini. Na jingine keken na shiga.

Surukina yana zaune a zaure shi kaɗai. Shi ya gaya mini, da muryar da yake karanta Littafi a majami'a. Shekaranjiya an juye mai a garewanin. Jiya da rana aka yi ɗanwake, matata da uwarta suka ci, shi yana gona. Uwar ta yi ta amai da jiri. Matata kuwa faɗuwa ta yi tana jijjiga, haƙoranta a datse, aka samu mota aka kai ta asibitin mishan. Da safen nan naƙuda ta zo mata, lokaci bai yi ba. Namiji ne, bai yi kuka ba. Ita an ce za ta tashi. Suna tsammanin iska ce, ko wani abu a garin ɗanwaken.

A ranar na fara yi wa mutumin nan magana mai tsawo tun da na san shi. Na ce, "Baba, garwar nan ce. Maganin tsutsa ne a ciki, mai yana jawo shi. Na sani tun ranar da na ɗaura maka."

Sai ya tambaye ni:

"Ka faɗa ma wani?"

"A'a, Baba."

Ya tashi ya shiga ciki, ya fito da garewanin ɗaya bayan ɗaya, ya hana ni kama masa. Muka kai su ƙarshen gonarsa, can tudu, muka haƙa rami. Ya tuttule man duka, aikin matarsa na kaka guda, ya sa gatari ya fasa su. Muna cikin turawa da ƙasa sai ga surukata ta biyo mu, tana dafe da sanda, ko tsayuwa ba ta iya yi sosai. Ta tambaya don me ake zubar mata da mai.

Ya ce, bai ko dube ni ba, "Guba ce a cikin garwar. Ni na tsinto su a bayan wurin aikinsu, Malam bai gani ba. Yanzu da ya zo ya gane su."

Ta dube shi tun daga kai har ƙafa. "Kai da kwashe-kwashen kayan banza," in ji ta. "Ka kashe mani jika. Saura kaɗan ka kashe mani ɗiya." Ta faɗi wasu maganganun ma da ba zan rubuta ba, har maƙwabta suka fito. Shi yana tsaye da gatari a hannu, kansa a ƙasa. Ni ma ina tsaye a gefensa da fartanya, baki a rufe.

Da ta koma gida, ya ce da ni, "Ni ubanta ne, ko ta ji haushina ba ta iya sake uba. Kai ko da kai za ta zauna. Kada ka buɗe baki."

Zan so in ce na yi masa musu, ko na yi shiru don biyayya. Ƙarya ne. Daɗi na ji. Ɗana yana kwance a ƙasa tun safe, ni kuma abin da ya fara zuwa mini a zuciya shi ne na tsira. Wannan ya fi ba ni kunya a kan garewanin kansu.

Matata ta warke ta dawo ɗakinta. Aka mayar da ni babban gidan jami'ar, daga baya har aka ƙara mini girma, ni nake koya wa sababbin ma'aikata yadda ake binne kayan guba. Ubangiji ya ba mu wasu 'ya'yan, amma ba ta sake yarda ta haihu a gidansu ba. Tana zuwa gaishe da mahaifinta, ta durƙusa, ta yi duk abin da 'ya ke yi, sai dai dariyar da suke yi da shi a da ta ƙare. In ya aiko mana da dawa ko kaza, sai ta juya abin ta sake juyawa tana dubawa kafin ta yarda a ci. A ƙauyensu kuwa har ya tsufa ana nuna shi a ce wanda ya tsinto garwar nan. Sau da yawa mun zauna da shi a zaure, mu biyu kaɗai, bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma ban taɓa ba.

Ya yi shekara goma sha ɗaya bayan wannan kafin ya rasu. Ranar da aka binne shi, muna tafe daga maƙabarta ni da ita a bayan mutane, sai ta tsaya ta share ido da bakin gyalenta.

"Na yafe ma Baba," in ji ta. "Amma na daɗe kafin in iya."

Ba kowa kusa da mu. Wanda ya hana ni magana yana cikin ƙasa, ba sauran abin da zan fake da shi. Na buɗe baki, na ce mata, "Kin kyauta."