Filis ɗin Kawu Lawan

Duk wanda ya zauna da Kawu Lawan a unguwar Deira ta Dubai ya san kafin a gan shi sai an ji shi. Tun daga ƙasan bene za ka ji ƙarar gwangwanin madarar nan da ke aljihunsa, cike da filis biyar-biyar da goma-goma, ƙananan kwabban da ko yaran Dubai ba sa sunkuyawa su ɗauka. Ni ɗan ƙanwarsa ne, a hannunsa na koyi tura kaya gida, don haka na fi kowa shan wahalar gwangwanin nan.

Duk kwalin da ya duba da kansa, kafin ya rufe sai ya manna kwabo ɗaya da salatif a cikin murfin. Matarsa Hajiya Binta ce ke karɓar kayan a Kano, kuma ba ta kallon turare ko yadi sai ta laluba murfin tukuna. In ta ji kwabon, ta san maigidan yana nan lafiya, hannunsa ne ya rufe. Shi ba mutumin doguwar waya ba ne, gaisuwarsa ke nan.

Sai kwabban suka fara ɓacewa, shaguna suka daina ba da su canji. A wani kanti a unguwar Karama akwai kashiya ɗan Indiya da Kawu ya sa wa suna Abokin Gaba. In canji ya rage filis biyar, sai ya miƙo alawa ya ce khalas, Hajji, wato shi ke nan. Kawu bai taɓa musu ba, tarawa yake yi. Ranar da ta cika leda ya ɗauki burodi, ya zazzage alawar a gaban mutumin.

"Kai ka ce kuɗi ce. Yalla, karɓi."

Layi ya kai ƙofa, manaja ya fito yana gumi, ƙarshe dai da burodin muka koma gida.

Na taɓa zaunar da shi na yi masa bayani irin namu na 'yan boko, cewa abin da ake kashewa wajen buga kwabon ya fi kwabon kansa, shi ya sa hukuma ta ga gara ta rage asara. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai abin da uwarka ta kashe a kanka bai fi ka ba? Yar da kai ta yi?"

Ban sake yi masa bayanin tattalin arziki ba.

Da gwangwanin ya yi ƙasa, ya ji labarin wani tsoho mai shago a garin Hatta da ke da su a kwalba. Haka ya sa ni tuƙi har can cikin duwatsu. Tsohon ma ɗan taurin kai ne, ya ce ba na sayarwa ba ne. Suka zauna shan gahawa har la'asar, sai da Kawu ya fito da kilishi aka daidaita. Abin da muka samo bai cika tafin hannu ba. Da na yi ƙorafin mai, ya ce mai ai ya riga ya ƙone, wannan kuwa ga shi a hannu. Kuma ni na sha man!

Akwai lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi, na rufe kwali na manna dirhami guda, a ganina har ƙari na yi. Kayan na isa Hajiya ta kira ni tana kuka, wai in faɗa mata gaskiya. Daga ranar na fahimci abin da ke cikin gwangwanin, ko da yake ban fasa tsokanarsa ba.

Ya sha cewa ranar da kwabban suka ƙare zai tattara ya koma gida. Sun ƙare, amma Allah bai nufa ba, a maƙabartar Al Quoz muka rufe shi. Na haɗa kayansa a kwali, riguna da tabarau da gwangwanin da ba komai ciki, na ɗauko salatif, na kasa rufewa. Na zaga Deira ban samu kwabo ko ɗaya ba. Na shiga kantin nan na Karama, Abokin Gaba ya tambaye ni ina Hajji. Da na faɗa masa, sai ya buɗe walat ɗinsa ya fito da filis biyar. Ya ce wata tsohuwa ce ta biya da shi, ya ajiye don ya ba Hajji canji na gaskiya ko sau ɗaya ne.

Da kwalin ya isa Kano, Hajiya ta kira.

"Don sabo na laluba, ban zaci zan ji komai ba," in ji ta. "Allah ya yi maka albarka."

Allah ya jiƙan Kawu Lawan, ya yafe masa kurakuransa, ya cika masa ladansa har na ƙanƙanin abin da mutane suka raina. Amin.