Fuskoki Biyun da Wayata Ta Ɓoye

Ranar da abin ya faru mu shida ne a tsakar gidana a Barkin Sale: ni, da ɗana na fari, da matarsa, da mataimakiyata a ƙungiya, da aminiyata, 'yar Gbagyi ce Kirista, wadda muka shekara talatin a rumfa ɗaya a Kasuwar Kure, sai 'yarta da ta rako ta. A lokacin ni ce shugabar mata masu sayar da doya. Ban yi boko ba, amma ba a taɓa zare mini doya ɗaya daga ƙwarya, wato tulin doya ɗari, ban gane ba. Mace ce ni mai zafi da sa ido, kuma na ɗauka duk abin da idona ya gani shi ke nan.

Surukata aikinta gina shafukan intanet. Ƙungiya ta roƙe ta ta yi mana ɗaya don masu saye na nesa su san mu. A saman shafin ta jera hotunan shugabanni shida, kuma ni na tsara mata jerin: mu huɗu da muka kafa ƙungiya a gaba, aminiyata da wata Kirista a ƙarshe, don daga baya suka shigo.

Bayan la'asar aminiyata ta faɗo gidan ba ko gaisuwa. 'Yarta ta miƙo mini waya. Na ƙirga fuskoki, huɗu, duk masu mayafi. Aka buɗe a tawa, huɗu. Aminiyata ta ce in fuskarsu ce ba ma so duniya ta gani in faɗa mata a gaban idonta, su kwashe doyarsu su nemi wata rumfa, ai daga gonakinsu take fitowa. Na ƙwala wa surukata kira, ta fito da kumfar wanki a hannu ta durƙusa.

Da ta ji zancen ta ɗauko kwamfuta ta buɗe, sai ga fuskoki shida reras. Maimakon in tsaya, sai raina ya ƙara ɓaci. Na ce ashe shafi biyu ta yi, ɗaya na nuna wa tsofaffin da ba su iya karatu ba, ɗaya na duniya. Na kira ta munafuka a gaban baƙi. Ɗana ya ce Inna a bari ta yi bayani, na ce ya rufe mini baki tun da an shanye shi. Mataimakiyata tana jan zanena, ban kula ba. Na ce ta tattara ta tafi gidan ubanta, ba za a raba mini kan mata a cikin gidana ba.

Ba ta tashi ba. Tana hawaye ta ce Inna ki duba sau ɗaya kawai. Ta kama gefen shafin a kwamfuta tana matse shi a hankali, yana ƙanƙancewa, sai fuskoki biyun ƙarshe suka ɓace. Ta buɗa shi, suka dawo. Ta karɓi wayata ta kwantar da ita a kaikaice, sai ga hoton aminiyata tana murmushi. Surukata ta ce ta rubuta wa shafin umarni ne ya riƙa auna faɗin fuskar na'ura. In ya ga wurin ya yi kaɗan, ya ɗauke na ƙarshe don kada hotuna su cukurkuɗe. Niyyarta su sauko layi na biyu, amma ba ta ƙarasa wannan ba, kuma a babbar wayarta kaɗai ta gwada. Ta ce kuskurenta ne, amma na'ura faɗi ta sani, ba ta san masallaci ko coci ba. Ta ɗauki mayafinta ta fita. Aminiyata ta dube ni ta tambaya, to wa ya sa su a ƙarshe?

Surukata ta dawo ɗakinta daga baya, ƙungiya ma ba ta rabu ba. Amma yarinyar da take kirana Inna tana tsokanata, yau Hajiya take ce mini, da ladabi mai sanyi da ke sukar zuciyata. Ina jan kunnen iyaye irina: waɗannan na'urori ba abu ɗaya suke nuna wa kowa ba. Kafin ki yanke wa mutum hukunci kan abin da kika gani a waya, ki bari a buɗe a wata, ki kuma bari ya gama magana. Ku ma masu wannan aiki, ku gwada a ƙananan wayoyinmu na kasuwa, don mutuncin mutane ne kuke jerawa.

Washegarin ranar da na kore ta ban fita kasuwa ba. Na bi gidajen matanmu na karɓo wayoyinsu, manya da ƙanana har da masu fasasshiyar fuska, na ƙulle a ɗankwali, na hau keke mai ƙafa uku zuwa gidan iyayen surukata a Sauka Kahuta. A gaban mahaifiyarta na durƙusa, ni da furfurata, na kwance ƙullin na ce wa surukata ta gwada shafin a kowace, kuma in za ta sake jerin, ta sa ni a ƙarshe.