Ɗakin Baba Yakuba Bayahude

Wata Juma'a da magariba, a daminar da aka sa ni lakwal, wato makarantar boko, iska ta kashe fitilar Baba Yakuba. Bayahude ne daga Maroko, tsoho mai sayar da yadi a kasuwar Malanville, yana haya a gidanmu tun ban san kaina ba. Ina tankaɗen gari a tsakar gida ya leƙo ya ce, "Ɗakin ga ya yi duhu." Na ce a raina, to ashana cizo take yi? Inna ta dungure ni, ta ce mutanensu ba sa kunna wuta daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa ta Asabar, kuma ba ya iya buɗe baki ya ce a kunna masa. Na je na kunna ina gunaguni. Shi ke nan aiki ya zama nawa, a kan ɗiban ruwa da korar tsuntsaye a gonar shinkafa.

Ɗakin na ibadarsa ne, benci biyu ne ciki sai akwatin littattafai. Can garinsu, in ji shi, akwai majami'ar da kakanninsa suka gina, mai fitilun tagulla. Ibadarsu ta jam'i ba ta yiwuwa sai da maza goma. Jama'a suka yi ta ƙaura har aka koma tara, aka ja ƙofa aka rufe. A Malanville kuwa shi kaɗai ne, amma kullum sai ya goge bencin nan biyu. Haushi yake ba ni, wa zai zo?

Da ƙafafunsa suka gaza, ɗansa ya zo ya tafi da shi. Baba Yakuba ya bar wa mahaifinmu mabuɗin ɗakin, mahaifinmu ya yi masa alkawarin ba za a mai da ɗakin rumbu ba. An ce alkawari kaya ne, da mahaifinmu ya rasu kayan suka faɗo kaina. Duk kakar albasa sai yayyena sun zo: "Hadiza, mi za a yi da ɗakin da babu mai salla ciki nai?" Na yi faɗa, na yi kuka, na yi gaba da su. Bara na gaji, wallahi na gaji, na miƙa musu mabuɗin.

Yanzu buhunan albasa sun kai rufi, har kwan lantarki aka sa mai kwana a kunne. Duk da haka, in na wuce ƙofar ranar Juma'a da magariba, sai in ji ɗakin ya yi duhu, kuma ba ni da abin da zan kunna.