Keken Ɗinkina da Akuyar Maigatari

Ɗinki nake yi a gida, a Gumel, tun ina amarya. Kekena na takawa ne, irin na da, baƙi mai nauyi, kuma ban taɓa yarda wani ya zauna mini a kansa ba, sai da 'yar yayana ta zo hutu daga Gagarawa.

Shekarunta goma sha shida a lokacin. Ta iso da tsohuwar kwamfutar babanta, wadda sai an jingina murfinta da bango take tsayawa, da gwangwanin madara cike da wayoyi da tarkacen rediyo. Yayana ya ce mini a waya, "Ki sa mata ido, duk abin da ta gani sai ta kwance shi." Na ɗauka wasa yake.

Da farko ba ta taɓa mini komai ba. Bututun roba na ruwa ta yanko, tana gasa ƙusa a garwashi tana huda shi. Ta busa, ta yamutsa fuska, ta yar, ta yanko wani. Da ta samu sarewar da ta yi mata, sai ta shiga ɗaukar sautinta a waya. Ta ɗauki dakan maƙwabta ta katanga. Ta bi akuyarmu har bayan ɗaki tana jiran ta yi kuka. In ina ɗinki kuwa, sai ta tsuguna gefena ta kasa kunne.

Na ce, "Ke, me kike saurare?"

Ta ce, "Goggo, kekenki kiɗa yake yi. Ba ki ji?"

Ni dai ƙara nake ji.

Wata rana na tafi bikin suna a Ɗanzomo. Da na dawo na tarar an cire bel ɗin keken, an manna maganaɗisu a babban wilin ƙasa, waya ta fito daga nan ta shiga wani ɗan allo kamar kwalin ashana, daga shi sai kwamfuta. Ko mayafi ban cire ba na hau faɗa. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Goggo, wallahi ban ɓata komai ba, ga bel ɗin nan. Zauna ki ɗan taka."

Na zauna don in ga iyakar ɓarnar. Ina takawa sai ga wata jar akuya a fuskar kwamfutar, da tsinkakkiyar igiya a wuya, ta fara tafiya. Sarewar nan ta taso, turmi yana amsa mata, ƙarar kekena tana bin su kamar kalangu. Na ƙara sauri, akuya ta zabura, kiɗan ma ya zabura. Na ɗaga ƙafa, komai ya yi tsit.

Ta ce wasa ne ta haɗa: akuya ce aka kai kasuwar Maigatari, ta tsinke tana neman gida. Duk lokacin da maganaɗisun ya zagayo, ɗan allon yana gaya wa kwamfuta saurin ƙafata. Ga maɓallai biyu na tsohon rediyo, na juya akuyar, ɗaya dama, ɗaya hagu. Kiɗan kuma ita ta tsara shi gunduwa-gunduwa, yadda ko an yi sauri ko a hankali ba zai watse ba.

Ban yi nisa ba wani dillali ya cafke akuyar, ta yi kukan tamu sak. Na ce a sake. Na afka ƙarƙashin raƙumi. Na ce a sake. Ranar tuwo bai nuna da wuri ba.

Kafin mako ya zagayo yaran unguwa sun cika mini tsakar gida. Maƙwabciyata, wata Hajiya mai ƙuli-ƙuli, ta shigo janye jikokinta, ta ɓuge da tsayawa a bayansu tana yi wa wata motar itace da ta tare wa akuyar hanya tsawa, "Kauce mana, ɗan nema!" Amma ba wanda ya kai akuyar gida. Yara in sun ruɗe sai wili ya juya musu baya. Ni ƙafa ta iya, yatsu ne ba su san maɓalli ba.

Hajiya ce ta kawo shawara. Ta ce, "Ke taka, ni in tuƙa."

Muka sha faɗuwa, muna ɗora wa juna laifi, yara suna ta kwasar dariya. Can dai muka wuce dillalai, muka wuce gonakin gero, akuya ta faɗa wani zaure. Kiɗan ya lafa, sai wata murya ta fito tana rera waƙa ƙasa-ƙasa. Na kasa kunne. Ashe tawa ce, waƙar da nake yi in ɗinki ya yi daɗi, ban ma san ina yi ba.

Na juya ga yarinyar na ce, "Wa ya ba ki izini?"

Ta sunkuyar da kai. "In ba ki so, Goggo, zan cire."

Hajiya ta ce, "Ki cire ki gani! Da guminmu muka kawo akuyar nan."

Aka bar ta.

Da hutu ya ƙare yarinyar ta kwance wayoyinta, ta mayar da bel, ta zuba wa keken mai, ta sa na ɗinka tsumma a gabanta don in tabbatar. Har ya fi da laushi. A tasha, motar Gagarawa tana shirin tashi, ta leƙo ta taga ta tambaye ni ko mai injin niƙan unguwarmu yana da haƙuri.