Ruwan Wankan Jegona

Da na haifi 'yata ta fari ban je wankan gida ba. Mijina ne ya tafi har Inkil, ya durƙusa gaban iyayena ya roƙi a bar ni a ɗakina na Wunti, wai ba zai iya yin arba'in bai ga fuskata ba. Da labarin ya zo mini sai da na cusa kaina cikin filo don daɗi. Irin maganar da na sha karantawa a littattafan soyayya tun ina budurwa, yau ga ta an faɗa a kaina.

Aka turo Gwaggo, ƙanwar babana, ta riƙa yi mini wanka. Safe da yamma sai babbar tukunya ta tafasa, ta tsoma ganyen darbejiya tana fyaɗa mini. Da hita muka fara, mita ta lashe katin wata tun kafin suna. Muka koma gas. Da ya ƙare, mijina ya ɗauki tukunyar gas ɗin ya fita, ya dawo yana lilo da ita da hannu ɗaya, wayam. Sai gawayi, shi ma buhun ya fi ƙarfinmu, muka koma sayen ƙulli. Itace kuwa mai gidan haya ya hana, wai hayaƙi na ɓata masa fenti.

Tela ne mijina. Ya daina tayar da janareto a shago, ya koma keken ƙafa, yana dawowa da kumburarrun sawu.

Wata safiya Gwaggo ta tsoma yatsa a ruwan, ta ɗaga murya.

"Angon ƙarni! Wannan na wankan jego ne ko na alwala?"

"Gwaggo, ai likitoci ma sun ce zafin nan ya yi yawa," in ji mijina.

"Likitocin ne suka yi wa uwarka wanka? In jikinta ya zauna ɗanye kai za ka yi jinya?"

Ya yi dariya, amma a baki ta tsaya. Gwaggo ta juyo gare ni.

"Ke, haɗa kayanki. A Inkil ko karan dawa ya ishe mu."

Na zuba masa ido, jaririya a kafaɗata. Kalma ɗaya nake jira. Ko ruwan sanyi ne zan yi wanka da shi, ya dai ce a bar masa matarsa.

"To, Gwaggo, yadda kika gani," ya ce.

Da kansa ya tsayar mana da keke mai ƙafa uku, ya jera kayan, ya gyara wa jaririya hula. Da muka tashi na leƙa baya. Yana tsaye bakin ƙofa, kafaɗunsa sun sauka kamar wanda aka sauke wa buhu, har yana amsa gaisuwar maƙwabci da fara'a. Rabon da in ga sauƙi haka a fuskarsa tun ina da ciki.

Na nemi fushi a zuciyata ban samu ba. Da na samu, da ya fi mini sauƙi.