Yatsun Anti Tafireta

Kowa a layin yana kiranta Anti Tafireta, ko da yake ta manta rabonta da taɓa tafireta. Tun tana budurwa ta koyi bugu a wani ɗan shago da ke bakin kotu, a hannun wani tsoho mai faɗan tsiya da yake ɗaure wa ɗalibansa ido da ƙyalle. Cewa yake ido na ruɗin mutum, amma yatsa ba ya mantuwa. Da kwamfuta ta kori tafireta, Anti ta sayi wata tsohuwar kwamfuta mai ƙugi kamar injin niƙa, ta ci gaba da buga wa mutane takardun koke da na neman aiki.

Ita fa ba 'yar gwagwarmaya ba ce. Ko ɗan sanda ne ya gaishe ta sai gabanta ya faɗi. Mijinta ne ya ja ta cikin harkar. Direba ne, ya ɗauki hoton masu rushe rumfunan kasuwa, aka yi awon gaba da shi. Wasu matasa masana kwamfuta da ke taruwa a saman wani shagon taya su suka bi sawun wayarsa, suka yi ta kururuwa a intanet har aka sako shi yana ɗingishi. Wanda ya yi uwa ya yi makarɓiya a aikin shi ne Gwani, mutum mai taushin murya da fara'a. Tun daga nan Anti take hawa benen nan duk mako tana buga musu abin da suke so, kyauta.

Ƙungiyar na alfahari da cewa ba ta da shugaba. Amma duk wanda ya shigo, Gwani yake miƙa wa wayarsa ya tafi da ita gida ya wanke ta, wato ya cire duk abin leƙen asiri da aka dasa. Rumbun da suke ajiye hotuna da bayanan shaidu kuwa, kalmar sirrinsa aka raba uku: kashi ɗaya wajen Gwani, ɗaya wajen wani injiniya da ake kira Dogo, ɗaya wajen Anti, don kowa ya san ba ta da burin komai. Sai biyu sun haɗu ake iya cire hannun wani daga rumbun. An hana kowa rubuta nasa a takarda. Sai Anti ta riƙa buga nata kowace safiya kafin ta kunna kwamfuta, har yatsunta suka haddace, kanta ya manta. Da za a sa mata wuƙa a wuya ba za ta iya faɗa da baki ba.

Ita ta kawo ƙanwarta Auta, ma'aikaciyar jinya, don ta riƙa ɗaure raunin waɗanda aka daka a zanga-zanga. Ita ce ma ta zare wayar daga hannun Auta ta miƙa wa Gwani, tana tsokanarta wai ko miji aka ce ta bayar ba za ta yi wannan rowar ba.

Wata rana da la'asar Auta ta shigo shago da farin kayan aikinta, ta ja ƙofa.

"Yaya, Gwani ya san maganar ɓarin da na yi. Abin da na rubuta wa mijina kaɗai, shi ya maimaita mini kalma da kalma. Ya ce in zo gidansa, in ba haka ba asibitinmu za su ji su wa nake yi wa magani."

Anti ta janye hannunta daga kan kwamfuta. Ashe kura suka ba ajiyar nama, kuma da hannunta ta miƙa.

Kafin mako ya zagayo wasu mata biyu sun faɗi irin wannan. Sai ga inda gizo ke saƙa: ƙungiyar da ba shugaba, wa za a kai wa ƙara? Wasu suka ce a bar kaza cikin gashinta, idan magana ta fita hukuma ce za ta yi dariya. Wasu suka ce wa ya kai Gwani yi musu wahala? Dogo ne kaɗai ya ce zai sa nasa kashin idan Anti za ta sa nata, a cire hannun Gwani daga rumbun a gaban kowa.

Ana gobe taro Gwani ya leƙo shagonta. Bai ce uffan kan batun ba.

"Anti, ya ƙafar maigida? Ta daina damunsa?"

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya yi murmushi ya wuce. Ranar nan Anti ta ɓata takardar wani tsoho har sai da ya tambaye ta ko lafiya. Tsoro take ji, da kunya, don ba ta manta wanda ya dawo mata da miji ba.

Washegari ɗakin ya cika, fanka na juya warin taya. Gwani na zaune a gefe ya harɗe ƙafa. Dogo ya buga nasa ya matsa mata kujera. Ta zauna, ta kalli maɓallan, suka yi mata baƙo. Ta buga. Allon ya ƙi.

"Saura dama ɗaya, Anti," in ji Dogo a hankali. "In ta kuɓuce rumbun zai kulle kansa, kafin ya buɗe kuwa an share komai."

"Ku bar baiwar Allah ta huta mana," Gwani ya ce cikin tausasawa. "Hannunta ma bai yarda ba."

Anti ta juya. Ta dubi Auta, ta ce, "Ɗaure mini ido."

Auta ta cire ɗankwalin da ke wuyanta ta ɗaure mata tam. Anti ta lalubo tsakiyar maɓallan kamar yadda tsohon nan ya koya mata, ta bar yatsun suka yi tafiyarsu. Ba ta ga komai ba, sai dai ta ji ɗakin ya yi tsit, sannan ta ji Dogo ya sauke ajiyar zuciya.

Rumbun ya buɗe, aka cire hannun Gwani, suka ga jerin wayoyin da ya bar wa kansa ƙofar leƙe a ciki, ta Auta na daga cikinsu, ta Anti ma. Gwani ya ɗauki jakarsa. A bakin ƙofa ya waiwayo ya ce, "Butulu." Kalmar ta soke ta, har yau in ta tuna sai ta ji zafinta.

Ana cikin hayaniya Dogo ya buɗe jakarsa ya ɗora a tebur.

"To, kowa ya kawo wayarsa in tafi da su gida in wanke."

Mutane suka fara miƙawa, har da godiya. Auta ma ta ɗaga tata. Anti ta yi wuf. Ta damƙe wuyan hannun ƙanwarta.

"A'a, ɗan'uwa. A nan za ka wanke, a kan teburin nan. Kana yi muna kallo, kana faɗa mana abin da kake yi."

Fuskar Dogo ta ɗan canja. "Anti, ni ma ba ki yarda da ni ba?"

"Shi ma ai na yarda da shi," ta ce, ba ta saki hannun Auta ba.